Facin Da Ba A Gani: Yadda Masu Rubuta Manhaja A Abuja Suke Fama Da Sabunta Kayan Aikinsu

Daga Wakilinmu na Arewa, Abuja

A nan Abuja in za a buɗe sabon gini, ko za a ƙaddamar da wata sabuwar manhaja ta gwamnati, sai an kafa rumfa, an jera kujeru, an gayyaci Minista, an kuma kira 'yan jarida su ɗauki hoto. To, amma akwai wani aiki da ake yi a cikin ofisoshin nan wanda ba a kafa masa rumfa, ba a gayyatar masa babban baƙo, sau da yawa ma ba a ware masa ko kwabo a cikin kasafin kuɗi. Wannan aiki kuwa shi ne sabunta kayan aikin masu rubuta manhaja, watau waɗanda ake sarrafawa ta hanyar rubuta umarni a kan baƙin allon kwamfuta.

Watakila mai karatu da ke zaune a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun ya ce, to shi ina ruwansa da baƙin allo? Lalle da ruwansa. Tun lokacin ƙarancin takardun naira a farkon shekarar 2023, dillalin shanu a Oko-Oba da mai tumatir a Mil 12 da mai goro a Shagamu duk sun saba karɓar kuɗinsu ta waya ko ta na'urar POS. Lambar ɗan ƙasa ta NIN, da rajistar jarrabawar JAMB ta yaro, da neman fasfo, duka sun koma cikin kwamfuta. Irin waɗannan manhajoji da kayan aikin nan ake gina su, da su ne kuma ake kula da manyan kwamfutocin da suke ɗauke da su. In kayan aikin suka tsufa aka bar su, abin da aka gina da su shi ma yana cikin haɗari, kuma a cikinsa dukiyar jama'a da asirinsu suke. Ban da wannan, 'ya'yanmu da ƙannenmu da yawa sun shiga koyon sana'ar, wasu kuwa iyayensu ne da ke Kurmi suka haɗa guminsu suka saya musu kwamfutar.

Mene Ne Baƙin Allo?

Yawancinmu mun saba da waya ko kwamfuta ta hanyar taɓa hoto. Mai rubuta manhaja shi kuwa taga yake buɗewa wadda babu hoto a cikinta sai rubutu zalla, ya rubuta umarni da kalma biyu ko uku, ya danna maɓalli, na'ura ta aikata. Da umarni ɗaya yana iya kwafe fayil dubu, ko kuma yana zaune a Garki ya shiga wata kwamfuta da ke Landan ya yi mata gyara.

Kowane umarni akwai ƙaramar manhaja a bayansa, ita ce muke kira kayan aiki. Akwai Bash, wanda shi ne tafinta tsakanin mutum da na'ura, wani Ba'amurke mai suna Brian Fox ne ya fito da shi a 1989. Akwai Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, shi ne yake riƙe tarihin duk wani canji da aka yi a cikin aiki, da wanda ya yi shi, da ranar da ya yi. Akwai curl, ɗan aike ke nan mai ɗauko kaya daga intanet, wanda Daniel Stenberg na ƙasar Suwidin yake kula da shi tun 1998. Akwai OpenSSH, mabuɗin shiga kwamfutar da ke nesa. Akwai sudo, wanda yake ba ƙaramin ma'aikaci ikon mai gida na ɗan lokaci don ya yi wani aiki. Sa'an nan ga irin su Python da Node.js waɗanda da su ake gudanar da abin da aka rubuta.

Abin mamaki shi ne, kusan dukan waɗannan kyauta ne. Ba a sayen su a kanti, kuma da yawansu 'yan sa-kai ne suke kula da su a lokacin hutunsu. Banki mai biliyoyin naira da yaron da ke koyo a ɗakin haya a Nyanya, kaya iri ɗaya suke amfani da shi.

Sai Bango Ya Tsage

Makaniki yana iya riƙe sifana ɗaya shekara ashirin, in dai bai ɓata ba yana nan yana aiki. Kayan aikin baƙin allo ba haka suke ba. Sun fi kama da kwaɗon ƙofar shago. Kwaɗon bai lalace ba, bai yi tsatsa ba, amma ranar da wani ya gano yadda ake buɗe irinsa da ƙusa, ya kuma yi shela a kasuwa, to daga ranar ya tashi daga aiki. Haka abin yake a nan, domin al'adar masu wannan sana'a ita ce in an gano ɓaraka a cikin wani kaya, a yi mata faci, sa'an nan a sanar da duniya duka. Sanarwar kuwa mai gida yana karanta ta, ɓarawo ma yana karanta ta. Daga nan sai tsere, ko wa ya riga.

Ran 24 ga watan Satumba na 2014 aka sanar da wata ɓaraka a cikin Bash wadda aka laƙaba wa suna Shellshock. Wani Bafaranshe, Stéphane Chazelas, shi ya gano ta, da aka bincika kuwa sai aka tarar tana nan tun 1989, watau shekara 25 ba wanda ya lura. Cikin sa'o'i kaɗan da sanarwar 'yan kutse suka bazama suna laluben kwamfutocin da ba a yi wa faci ba. A watan Janairu na 2021 kamfanin tsaro na Qualys ya bayyana wata a cikin sudo, wadda take ba duk wanda ya sami ɗan wurin tsayawa a cikin kwamfuta damar zama mai gida gaba ɗaya. Ita ma tun 2011 take kwance. Kamfanin nan dai shi ne ya sake fito da wata a cikin OpenSSH ran 1 ga watan Yuli na 2024. Wannan ta ƙarshe ma akwai abin dariya a cikinta in ba don muninta ba, domin an taɓa toshe ta a 2006, sai wani gyara da aka yi a 2020 ya sake buɗe ta ba da sani ba.

Wadda ta fi kusa da ɗan koyo ita ce ta Git, wadda aka yi wa faci a watan Mayu na 2024 a cikin zubi mai lamba 2.45.1. Abin da ɗalibi yake yi kullum shi ne ya kwafo aikin wasu daga intanet don ya duba ya koya. To, da tsohon Git a kan Windows ko Mac, kwafowar kawai, in an haɗa da rassan aikin, tana iya isa mugun da ya ɗana tarkon ya gudanar da umarninsa a cikin kwamfutar yaro. Bai buɗe kome ba, bai danna kome ba. A cikin kwamfutar mai rubuta manhaja kuwa ake samun mabuɗan shiga manyan kwamfutocin wurin aikinsa, shi ya sa ɓarayin zamani suka fi son ta a kan ta akawu.

Wanda yake son ya ga abin da jinkiri yake jawowa, sai ya dubi kamfanin Equifax na Amurka. An fitar da facin wata manhaja da suke amfani da ita a watan Maris na 2017, ba su sa ba, zuwa watan Mayu aka shige su, aka kwashe bayanan mutum wajen miliyan 147. A 2019 suka amince su biya abin da zai iya kai dala miliyan 700.

Tsohon Kaya Yana Da Ranar Ritaya

Ko da babu ɓarawo, tsohon kaya yakan wayi gari ya ƙi aiki, domin duniyar da yake magana da ita ta canza harshe. Ran 13 ga watan Agusta na 2021 dandalin GitHub, inda miliyoyin masu sana'ar suke ajiye aikinsu, ya daina karɓar kalmar sirri daga Git, ya ce sai da mabuɗi na musamman. An yi ta gargaɗi tun shekara guda kafin nan, duk da haka ranar ta zo wa mutane da yawa kamar saukar aradu. Ran 30 ga watan Satumba na wannan shekara kuma wata tsohuwar takardar shaida da Let's Encrypt yake dogara da ita ta ƙare, sai tsofaffin kwamfutoci da ba a sabunta ba suka fara ƙin amincewa da shafukan da ba su da laifin kome.

Kowane kaya masu shi suna sa masa wa'adi, bayan wa'adin kuwa ko an gano ɓaraka ba za su yi faci ba. Python na 2 ya yi ritaya ran 1 ga Janairu na 2020. Kowane zubin Python na 3 shekara biyar ake ba shi: 3.8 ya ƙare a watan Oktoba na 2024, 3.9 ya bi shi a Oktoba na 2025. Node.js mai lamba 18 ya ƙare ran 30 ga Afrilu na 2025. Ubuntu, wanda ɗalibai da ofisoshi suka fi sani cikin dangin Linux, yana fitar da zubi mai dogon wa'adi duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, ya kula da shi kyauta shekara biyar, na 20.04 wa'adinsa ya cika a 2025. CentOS 7, wanda kamfanoni da yawa suka ɗora manyan kwamfutocinsu a kai, ya ƙare ran 30 ga Yuni na 2024. Duk waɗannan ranaku ba a ɓoye suke ba, an buga su shekaru kafin su zo. Karanta su ne ba a yi.

A nan akwai abin da ya kamata uba ya sani kafin ya aika da kuɗin kwamfuta. Ran 14 ga watan Oktoba na 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kamar yadda ya saba. Windows 11 kuwa ba ya hawa kowace na'ura, yana neman ƙwaƙwalwar Intel ta ƙarni na takwas zuwa sama ko makamanciyarta, da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Kwamfutoci na hannu da ake kawowa daga Turai, waɗanda suka cika Banex da ke Wuse 2 a nan Abuja da kasuwar kwamfuta ta Ikeja a can Ikko, akwai da yawa a cikinsu da ba su cika wannan sharaɗi ba. Ba wai sun zama bola ba ne. Ana iya sa musu Linux su yi shekaru suna aiki, kuma ga mai koyon baƙin allo wannan ma ya fi. Amma a tambaya tukuna kafin a biya, kada a sayi tsufa da farashin ƙuruciya.

Sabo Ma Yana Da Nasa Dafi

Da a ce magana ta tsaya a nan, da sai mu ce kowa ya sabunta kayansa kullum safiya, shi ke nan. Amma ina! Abin da ya faru a watan Maris na 2024 ya nuna cewa wanda ya fi kowa saurin sabuntawa, wani lokaci shi yake fara shan guba.

Akwai wani ɗan ƙaramin kaya da ake kira xz, aikinsa matse fayil ya ƙanƙance. Kusan babu kwamfutar Linux da ba ta da shi. Mutum ɗaya ne, Lasse Collin na ƙasar Finland, ya yi shekaru yana kula da shi, ba albashi, har ya gaji ya kuma faɗa wa jama'a ya gaji. Sai ga wani ya bayyana da sunan Jia Tan yana taimaka masa da ƙananan gyare-gyare masu kyau. Ya yi fiye da shekara biyu yana wannan hidima, a gefe guda kuma wasu sunaye da ba a san su ba suna ta matsa wa Collin lamba cewa aiki yana tafiyar hawainiya, ya nemi mataimaki. Da haka Jia Tan ya sami amana har aka ba shi ikon fitar da sabon zubi. A zubi na 5.6.0 da ya fito a watan Fabrairu na 2024, da na 5.6.1 da ya biyo baya a watan Maris, sai ya dasa ɓarauniyar ƙofa wadda za ta ba mai riƙe da wani mabuɗi damar shiga kwamfuta ta hanyar OpenSSH ba tare da izini ba.

Yadda asirin ya tonu shi ne abin al'ajabi. Wani Bajamushe ma'aikacin Microsoft, Andres Freund, yana gwajin wani aikinsa dabam, sai ya lura shiga kwamfutarsa yana ƙara ɗaukar kamar rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba, tana kuma cin ƙarfin na'ura ba dalili. Mutum dubu za su ga wannan su wuce. Shi bai wuce ba, ya bi diddigi, ran 29 ga watan Maris ya sanar da duniya. Da aka duba sai aka tarar gubar ta shiga rassan gwaji na Debian da Fedora, da irin su Kali Linux masu ɗaukar sabon kaya da zarar ya fito. Waɗanda suke kan zubi mai dogon wa'adi, irin wanda ake ta yi wa gorin tsufa, ba ta kai gare su ba. Maganin da aka bayar a ranar kuwa shi ne a koma tsohon zubi.

A watan Satumba na 2025 aka sake ganin irinsa a npm, rumbun da masu amfani da Node.js suke ɗibar kaya. An yaudari wani mai kula da kaya da wasiƙar ƙarya, aka karɓe mabuɗinsa, aka sa guba a cikin kaya 18, har da chalk da debug, waɗanda a haɗe ake sauke su fiye da sau biliyan biyu a mako. An gano an cire cikin 'yan sa'o'i, amma duk wanda ya sabunta a cikin sa'o'in nan ya kwasa. Ba a yi mako biyu ba sai ga wata tsutsa da aka kira Shai-Hulud, wadda take sace mabuɗan mai rubuta manhaja ta yi amfani da su ta harbi kayan da shi ma yake rarrabawa. Ta kama ɗaruruwan kaya.

To, ka ji. Wanda ya ƙi sabuntawa ya bar ƙofa a buɗe, wanda kuma ya sabunta ido rufe ya shigo da baƙon da bai sani ba. Ni a ganina a nan ne ake gane gwani, ba a yawan harsunan kwamfuta da mutum ya lissafa a takardar neman aiki ba.

Yadda Masu Hankali Suke Yi

Abu na farko da gwanayen suke kiyayewa shi ne su bi ta hannun mai sito. Kowane tsari yana da nasa: apt a Ubuntu da Debian, dnf a Fedora, Homebrew a Mac, winget a Windows. Mai siton nan yana riƙe da lissafin duk abin da ya shigo da shi, yana duba hatimin kaya kafin ya karɓa, kuma ya san wanda ya tsufa. A Ubuntu in aka rubuta apt update, lissafi kawai ake sabuntawa, ba a taɓa kome ba tukuna. Sai an rubuta apt upgrade sa'an nan ake sauke kayan. Ɗalibai da yawa suna yin na farko su tashi suna murna sun gama. Kayan da aka ɗauko ta bayan gida kuwa, watau aka kwafo wani layi daga wani shafi aka liƙa a baƙin allo ba a karanta ba, mai sito bai san da shi ba, ba kuma zai tuna maka da shi ba. Irinsa ne yake shekara uku a cikin kwamfuta ba faci.

Sa'an nan suna karanta lamba. Yawancin kaya lamba uku suke ɗauka, alal misali 2.45.1. In ta ƙarshe ce ta canza, galibi faci ne kawai, ba a jinkirta shi, balle in an ce na tsaro ne. In ta tsakiya ce, an ƙara wani abu. In kuwa ta farko ce ta motsa, to an rushe wani ɗaki an sake gini, kuma abin da ya yi aiki jiya yana iya ƙin yi yau. Irin wannan ba a yin sa ranar Juma'a da yamma, ba a kuma yin sa a kan kwamfutar da take biyan albashi sai an gwada a wata tukuna. Ko manyan kamfanoni in suka yi sakaci a nan suna kwasar kashinsu a hannu: ran 19 ga Yuli na 2024 wani sabuntawa da kamfanin CrowdStrike ya tura wa kowa a lokaci ɗaya ya durƙusar da kwamfutocin Windows wajen miliyan 8.5, jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda da biro.

Akwai kuma takardar da ake ajiyewa tare da kowane aiki, wadda take rubuta ainihin lambar kowane kaya da aka yi amfani da shi, don kada wani ya shigo ba a gayyace shi ba. Akwai irin su nvm da pyenv masu ba mutum damar ajiye tsohon zubi da sabo a kwamfuta ɗaya, tsohon aiki ya ci gaba da nasa, sabo ya hau sabo. Bayan abin da ya faru a npm kuma, wasu sun ɗauki al'adar jinkirta sabon kaya kwana biyu ko mako guda in ba facin tsaro ba ne, domin irin wannan guba galibi cikin sa'o'i ko kwanaki ake gano ta. Mai siton pnpm ma ya ƙara wannan tsari na jira a cikinsa a watan Satumba na 2025.

Wuta Da Data

Duk wannan da sauƙin faɗa ga wanda yake zaune a Jamus. A nan gida sabuntawa kuɗi ne. Sabon zubin Ubuntu kaɗai ya haura gigabait biyar, in aka haɗa da sauran kaya sai ɗalibi ya ga datar da ya saya ta wata ta tafi a dare ɗaya. A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Yaron da zai zaɓa tsakanin sauke faci da kallon darasin da zai ci jarrabawa da shi, kowa ya san wanda zai zaɓa, ni kuwa ba zan ga laifinsa ba. Shi ya sa za ka ga matasa daga Kubwa da Lugbe da Mararraba suna tara sabuntawarsu sai ranar da suka sami shiga wurin da ke da intanet mai ƙarfi a cikin gari, ko kuma su jira garaɓasar tsakar dare.

Ga kuma wuta. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na masu rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni, waɗanda ba sa rukunin kuwa sai yadda ta yiwu. In batirin kwamfuta ya mutu ana tsakiyar sabuntawa, tana iya tashi rabi sabuwa rabi tsohuwa. A Ubuntu sau da yawa umarnin dpkg --configure -a yana ƙarasa abin da aka bari, amma wanda ya taɓa shan wannan wahala yakan rantse ba zai sake taɓa sabuntawa ba, kuma a nan matsalar take farawa.

Rumbunan da ake ɗibar kayan nan kuma galibinsu a ƙetare suke. Ran 14 ga watan Maris na 2024 manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka yi ta tangal-tangal, aka ɗauki makonni ana gyara. Mako biyu bayan haka maganar xz ta fashe. Ofishin da yake da kwamfuta ashirin ba shi da dalilin sauke kaya ɗaya sau ashirin daga Turai, alhali yana iya ware na'ura ɗaya ta sauke sau ɗaya ta raba wa saura. Jami'o'inmu da cibiyoyin koyarwa ma ya kamata a ce kowace tana da irin wannan rumbu na gida wanda ɗalibi zai ɗiba ba da datarsa ba. Ba aiki ne mai tsada ba, sai dai ba shi da rumfa.

Ina Hukuma?

Hukumomin da abin ya shafa duk a nan Abuja suke. Akwai NITDA da aka kafa a 2001 aka kuma yi mata doka a 2007, wadda aka naɗa Malam Kashifu Inuwa Abdullahi ya shugabance ta a 2019. Akwai ngCERT a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro, ita da sashen gaggawa na NITDA sukan fitar da sanarwa in an gano ɓaraka a wata manhaja da jama'a suke amfani da ita. Akwai Galaxy Backbone, kamfanin gwamnati da aka kafa a 2006, mai ɗauke da manyan kwamfutocin ma'aikatu da yawa. Barazanar kuwa ba tatsuniya ba ce: Ministan Sadarwa na lokacin, Farfesa Isa Ali Pantami, ya ce an ƙirga hare-haren kutse kusan miliyan 13 a kan shafukan ƙasar nan a kwanakin zaɓen Shugaban Ƙasa na 2023.

Doka ma ta fara cizo. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ce duk wanda yake riƙe da bayanan mutane, in aka shige shi har abin zai iya cutar da su, lalle ya sanar da hukuma cikin sa'o'i 72, kuma babban kamfani yana iya biyan tarar naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin da ya samu a shekara, duk wanda ya fi yawa. Gyaran da aka yi wa dokar laifuffukan intanet a 2024 shi ma ya rage wa'adin kai rahoto daga kwana bakwai zuwa sa'o'i 72.

Amma sanarwa ba ta yin faci, mutum ne yake yi. Cutar da muka sani a kan titi da rijiyar burtsatse ita ce dai a kan manhaja: a ba da kwangila, a gina, a ƙaddamar, ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Titi in ya fashe kowa yana gani, har a yi ta ƙorafi a rediyo. Manhaja kuwa tana iya shekara biyar a kan kayan da wa'adinsu ya cika, fuskarta tana ƙyalli, ba wanda ya sani sai ranar da bayanan jama'a suka bayyana a kasuwa. Ya kamata duk kwangilar manhaja a rubuta a cikinta wane ne zai riƙa sabuntawa, sau nawa, har zuwa yaushe, da kuɗin wa. Haka nan ɗan kasuwar da ya ba wani yaro aikin gina masa shafin ciniki, ko ƙungiyar 'yan kasuwa da ta sa aka yi mata manhajar adashi, su yi wannan tambaya tun kafin a biya kuɗin farko.

A ƙarshen 2023 Ministan Sadarwa Dokta Bosun Tijani ya ƙaddamar da shirin 3MTT don horar da matasa miliyan uku sana'o'in kwamfuta, aka fara da mutum 30,000, rukuni na biyu kuma aka ware wa gurbi 270,000, 'yan Arewa da yawa sun shiga. Kowane ɗaya daga cikinsu da ya zaɓi rubuta manhaja, a makon farko za a ce ya sauke Git da Python ko Node.js. Abin da ya sauke a makon nan yana da wa'adi a rubuce. Node.js mai lamba 20, wanda shi ne sabon zubi mai dogon wa'adi sa'ad da rukunin farko suka fara karatu, an tsayar masa da ƙarshen watan Afrilu na 2026. Python 3.10 an tsayar masa da watan Oktoba na 2026, shi kuwa Ubuntu 22.04 da yake ɗauke da shi, kulawarsa ta kyauta a shekarar 2027 take ƙarewa.